Ƙarin Ƙarfi Ƙarin Zafi Ne: Ɗaura wa Motar Gudu Babban Lagireton Sanyaya Iska

(Kiɗan buɗe shiri)

  

Yau maganar motocin gudu za mu yi, irin waɗanda masu su ba su gamsu da ƙarfin da kamfani ya ba su ba, suka kai aka ƙara musu. Na san wani zai ce ina ruwansa, shi da Golf ɗinsa ta haya. To Malam kada ka sauya tasha tukuna. Abin da za mu faɗa a kan zafi da ruwa da iska ya shafi duk wani abu mai inji, har tirelar DAF da Hilux mai shan gas, domin su ma da 'yar'uwar na'urar da za mu yi magana a kanta a jikinsu.

Akwai koken da masu irin waɗannan motoci ke yawan kai wa bakanike. Za ka ji mutum ya ce: "Oga, da sassafe motar nan kamar za ta tashi sama. Amma in rana ta take, na taka ta sau biyu sau uku, sai ta yi sanyi ƙalau, in ba ta wuta ta ƙi karɓa. Kuma allurar zafi tana tsakiya, ko motsi ba ta yi ba." Sai a canza fulogi, a wanke nozul, a sayi sabon famfon fetur, kuɗi su tafi, ciwo yana nan. Dalili kuwa shi ne allurar da ke gaban direba zafin ruwan inji take nunawa. Zafin da ya kashe wa motar jiki ba a nan yake ba. Yana cikin iskar da injin ke shaƙa, ita kuwa ba ta da allura a gaban direba.

Bari mu faro daga tushe. Fetur ba ya ci sai da iska, kuma iskar ce mai yawa: kowane giram 1 na fetur yana buƙatar kusan giram 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. Ƙara wa inji fetur abu ne mai sauƙi. Wahalar ita ce samo masa iskar da zai ƙona shi. Shi ya sa aka ƙirƙiro na'urorin da ke ɗura wa inji iska da ƙarfin tsiya. Ɗaya ita ce turbo, wadda hayaƙin salansa ke juyawa; wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ne ya yi rajistar fasaharta a 1905. Ɗayar ita ce sufacaja, wadda bel ke ja kai tsaye daga inji. Hanyarsu daban, aikinsu ɗaya: su matse iska mai yawa su cusa ta cikin silinda.

Sai dai iska ba ta matsuwa a banza. Duk wanda ya taɓa ba wa keke iska da famfon hannu ya san haka: bayan bugu ashirin, taɓa gindin famfon ka ji yadda ya ɗau zafi. Ba wuta aka sa masa ba, matsin ne kawai. To abin da turbo da sufacaja ke yi ke nan, amma babu hutawa. A lissafi, iskar da ta shigo da zafin digiri 40, irin na Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, in aka matsa ta har matsinta ya ninka, tana iya fitowa da zafin digiri 130 ko fiye. Ruwa a digiri 100 yake tafasa. Ka ga abin da ake shirin aika wa inji.

Iska mai zafi ɓarna biyu take yi. Ta farko, ba ta da kauri: duk ƙarin digiri 10 yana rage kusan kashi 3 cikin 100 na nauyin iskar da silinda za ta ɗauka, wato wani ɓangare na abin da aka sha wahalar matsowa ya zube. Ta biyu ita ce mai haɗari. Ƙa'ida a cikin silinda ita ce cakuɗin fetur da iska ya jira fulogi ya ƙyasta, wutar ta bi shi daki-daki tana tura fistin ƙasa. In iskar ta zo da zafi ga kuma matsi, sai ragowar cakuɗin da wuta ba ta kai gare shi ba ya fashe da kansa, ya daki kan fistin. Wannan fashewa in ta yawaita tana karya zoben fistin, tana cinye gaskit, har fistin take hudawa. Motocin zamani suna da na'urar da ke sauraron wannan duka, da wata da ke auna zafin iskar. Da kwamfutar mota, wato birenbos, ta ji alamar haɗari sai ta jinkirta ƙyastawar fulogi, ta ƙara fetur don ya sanyaya silinda, ta rage matsi. Motar ta tsira, ƙarfi ya tafi. Saboda haka mutumin da ya ce motarsa ta yi sanyi da rana, gaskiya ya faɗa. Motar ce take kare kanta daga gare shi.

Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne a sanyaya iskar tsakanin inda aka matsa ta da inda za ta shiga inji. Na'urar da ke wannan aiki ita ce intakula, kuma iri biyu ce. Akwai wadda iskar waje ke busawa kai tsaye, irin wadda za ka gani a gaban manyan motocin gas da manyan bututu biyu a gefenta. Irinta kamfanin Porsche ya sa wa motarsa 911 Turbo a samfurin 1978. Akwai kuma mai ruwa. Ita wannan tana ɓoye a kan inji, ruwa yana ratsa ta yana kwashe zafin iskar. Ruwa gwani ne a wannan aiki, domin kilo 1 na ruwa yana ɗaukar zafi kusan ninki 4 na abin da kilo 1 na iska zai ɗauka. Amma ruwan da ya kwashi zafi dole ya sami inda zai sauke shi. Sai aka yi masa ƙaramin lagireto nasa na kansa a can gaban mota, bayan bamba, da ɗan famfon lantarki da ke zagayawa da shi. Wannan ƙaramin lagireton shi ne abin da muke magana a kai yau, shi ne masu ƙara wa mota ƙarfi ke cirewa su sa babba.

Don kada maganar ta tsaya a iska, bari mu ɗauki mota ɗaya da aka san ta da wannan aiki a duniya: Marsandi E55 AMG, wadda aka yi daga samfurin 2003 zuwa na 2006. AMG reshen Marsandi ne mai ƙera motocin gudu. Hans Werner Aufrecht da Erhard Melcher ne suka kafa shi a Jamus a 1967, kuma a garin Affalterbach yake aiki, inda mutum ɗaya ke harhaɗa inji daga farko har ƙarshe ya sa sunansa a kai. Injin E55 silinda 8 ne, lita 5.4, da sufacaja zaune a tsakiyarsa, intakular ruwa kuma a ƙarƙashin sufacajar. Ƙarfinsa doki 476 a ma'aunin Jamus. Mota ce mai ƙofa huɗu da za ka ɗauki iyali a ciki, amma daga tsaye takan kai gudun kilomita 100 a sa'a cikin daƙiƙa 4.7.

Wani zai ce me kuma ake nema bayan wannan? Ai ɗan'adam ba ya ƙoshi. Hanyar da ta fi araha ta ƙara wa wannan inji ƙarfi ita ce canza fuli: a ƙara girman na ƙasa da ke jan bel, ko a rage na kan sufacaja, don ta riƙa juyawa fiye da yadda aka tsara. Daga kamfani matsin da take bayarwa bai wuce bar 0.8 ba. Da sabon fuli sai ya ƙaru, a kuma sake rubuta wa birenbos umarni. Ƙarfi ya ƙaru, babu musu. Zafi ma ya ƙaru, lagireton gaba kuwa yana nan yadda yake, ɗan siririn da aka auna don ƙarfin asali. Kuma ita E55 tana da wani hali: sufacajarta da kulocin lantarki take haɗuwa da bel, kuma in zafin iska ya wuce iyaka birenbos na iya sakin kulocin nan gaba ɗaya. Nan take motar da ke da doki ɗari huɗu da ɗoriya ta koma tafiyar babbar mota mai nauyin jiki.

A nan nake so masu sauraro su riƙe magana ɗaya, domin masu sayar da kaya ba sa faɗin ta. Babban lagireton nan ba ya ƙara wa mota ƙarfin doki ko ɗaya. Abin da yake yi shi ne ya hana ƙarfin da ke akwai gudu. Motar da ba ta da shi za ta yi maka abin mamaki a takun farko, ta ragu a na biyu, ta ba ka kunya a na uku. Mai shi kuwa abin da ta yi a farko shi za ta maimaita. In ka saya da tsammanin za ka ji sabon ƙarfi da safe, za ka ce an cuce ka. Da azahar ne za ka san inda kuɗinka ya shiga.

Kuma akwai iyakar da ba wanda zai ƙetare. Lagireto ba firij ba ne, ba ya sanyaya ruwa ƙasa da zafin iskar da ke busa shi. In a waje digiri 42 ne, ruwan zai fito sama da 42 ko da lagireton ya kai faɗin ƙofa. Iskar da ruwan zai sanyaya kuma za ta fi ruwan zafi da wasu digirori. Mutumin da ke Jamus yana farawa daga digiri 15 ko 20, kai kana farawa daga 40. Saboda haka in ka ga Bature a bidiyo ya sa wani fuli ya ce lafiya lau, ka tuna a ƙasarsa yake magana. Ga kuma batun mai: injin nan don fetur mai babbar daraja aka ƙera shi, kuma fetur mai ƙaramar daraja ya fi saurin fashewa da kansa in iska ta yi zafi. A ra'ayina, a ƙasarmu ta zafi, aikin sanyaya shi ya kamata ya riga aikin fuli, ba ya biyo bayansa ba.

(Gajeren kiɗa)

To yaya ake aikin? Kafin a kwance ko noti ɗaya, a auna. Tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka suke da soket ɗin OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, kuma akasarin motocin da ke shigo mana suna da shi. Da 'yar na'urar da ake jonawa a nan da wayar hannu za a ga zafin iskar da ke shiga inji. Mutum ɗaya ya tuƙa, wani ya riƙe waya; direba ba ya kallon waya. A rubuta zafin waje, a rubuta inda zafin iskar ya kai in an taka mota, a kuma duba tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya sauko. Wannan na ƙarshen ya fi komai ba da labari. In zafin ya hau ya sauko da sauri, tsarin yana aiki, ƙanƙanta kawai ya yi. In ya hau ya ƙi saukowa ko ana tafiya a hankali, to ruwan ne ba ya zagayawa, kuma babban lagireto ba zai yi maganin komai ba.

Famfo ke nan. A E55 wannan ɗan famfon lantarki shi ne sanannen wurin rauni, har masu motar a ko'ina sun haddace maganinsa, wato famfon Bosch da lambarsa ta ƙare da 010. Famfon yakan mutu a hankali ba tare da wata fitila ta kama ba, wani lokaci ya yi aiki da safe ya tsaya in ya ɗau zafi. Motoci da yawa da ake shirin kashe musu kuɗin babban lagireto, famfo kawai suke buƙata. Mai hankali famfon yake fara dubawa, ya duba fiyus ɗinsa da wayarsa, kuma in zai sa sabon lagireto ya haɗa da sabon famfo, tunda bamba ɗaya za a sauke.

Wajen saye kuma, ido yakan tafi kan kauri. A'a, faɗi da tsayi sun fi kauri amfani. Iska tana shiga lagireto da sanyinta, tana ɗumama yayin da take ratsa shi, don haka layin gaba shi ke yin aikin kirki, layin baya da iska mai ɗumi yake haɗuwa. Ninka kauri ba ya ninka sanyi, amma yana toshe hanyar iska. Akwai kuma wanda ruwa ke ratsa shi sau ɗaya, akwai wanda aka raba cikinsa ruwan ya je ya dawo. Na biyun ya fi matse zafi, amma ya fi ba famfo wahala. In famfonka ƙarami ne, ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago. A auna ramin bamba da tef kafin a biya kuɗi, a duba girman bakin tiyo ya dace da na motar.

Ranar aiki a bar mota ta huce sarai. Wannan ba shawara ba ce, doka ce: ba a buɗe murfin ruwa inji na da zafi. Ruwan da ke ƙarƙashin matsi yana wuce digiri 100 bai tafasa ba, da an saki murfin sai ya tafasa lokaci ɗaya ya yo sama, fuska da hannu yake samu. A cire kan batir. A ɗaga mota a ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe, kada yaro ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A sauke bamba a hankali, a zare wayoyin fitilu da na sauran na'urori da hannu, ba da fizga ba. A tara tsohon ruwan a roba mai murfi. Ruwan lagireto mai kala guba ne, kuma zaƙi-zaƙi gare shi, akuya da kyanwa da ƙaramin yaro duk suna iya sha, ƙoda yake lalatawa. Kada a malalar da shi a tsakar gareji, kada kuma a zuba shi a gorar lemo a ajiye.

Bayan an cire tsohon, a gwada zaman sabon ba tare da an ɗaure ba. A tabbatar bai taɓa kwandansar esi da ke bayansa ba, a bar ɗan tsakani, domin abu biyu na alminiyam in suna gogar juna a kan hanyoyinmu masu gargada, wata 'yan kaɗan ne ɗaya zai huje. A sa roba tsakanin maɗaurinsa da jikin mota. Kada a bari ya leƙo ƙasa da bamba, in ba haka ba tudun rage gudu na farko ne zai karɓe shi. Tiyo kada ya lanƙwashe har ya shaƙe, kada ya kwanta a kan ƙarfe mai kaifi, kada ya kusanci bel. Famfo kuma a ƙasa yake zama, ƙasa da tankin ruwa, domin irin wannan famfo tura ruwa ya iya, bai iya zuƙo shi daga nesa ba. Dole ruwan ya gangaro masa da kansa.

A E55 akwai ƙarin aikin da ake yawan yi a wannan gaɓa. Daga kamfani ruwan intakula da na inji tanki ɗaya suke tarayya a kai, ruwan inji kuwa a wajen digiri 90 yake aiki. Sai a raba su, a yi wa na intakula ɗan tankinsa daban. Masu motar suna jayayya a kan yawan sanyin da wannan ke ƙarawa. Ni abin da ya fi burge ni a ciki daban ne: da tanki daban, kana buɗe murfi za ka ga da idonka ko ruwa na dawowa ko ba ya dawowa.

Wannan ya kawo mu inda aka fi faɗuwa, wato fitar da iska daga cikin ruwan. Aiki ne marar daɗi, ba a ɗaukar hotonsa, kuma shi ne rabin aikin. Sabon lagireto da sabbin tiyo cike suke da iska. In kumfar iska ta maƙale a bakin famfo, za ka ji yana kuka, ka sa hannu ka ji yana rawa, amma a banza yake juyawa, ko cokali ɗaya na ruwa ba ya turawa. Bakanike ya ji ƙara ya ce ai yana aiki, ya mayar da bamba, mai mota ya biya ya tafi, gobe ya dawo yana cewa gara jiya da yau. Yadda ake yi shi ne a zuba ruwa a hankali ta wuri mafi tsayi, a kunna famfon shi kaɗai ba tare da an tayar da inji ba, a zare tiyon da ke dawo da ruwa a sa bakinsa cikin gora mai haske. Da farko za ka ga yana tofar da ruwa guntu-guntu da kumfa, yana shiru, yana sake tofarwa. A ci gaba da ƙara ruwa, ana matsa tiyo da hannu, kada a bari tanki ya ƙafe ya sake zuƙar iska. Sai ka ga ruwa na zuba miƙe, cike da bakin tiyo, babu kumfa, sannan a mayar. A yi ɗan zagaye da motar, a bar ta ta huce, a sake dubawa, domin ragowar iska takan taru a sama ruwa ya sauka. Bamba ba ta komawa sai an gama wannan, an kuma tabbatar ba inda ke ɗiga.

Wane ruwa za a zuba? Ba na rijiya ba, ba na burtsatse ba, ba na leda ba. Gishirin da ke cikinsu yana daskarewa a cikin siraran bututun ya toshe su, kuma ruwa tsura yana cin alminiyam. A nemi tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, marar asid, a haɗa da ruwan lagireto irin wanda kamfanin motar ya amince da shi. Haɗin rabi da rabi yana hana daskarewa har wajen digiri 37 ƙasa da sifiri, abin da mu bai dame mu ba, kuma ya ɗan gaza ruwa zalla ɗaukar zafi. Shi ya sa a ƙasashen zafi wasu ke rage maganin su ƙara ruwa. Amma kada a cire shi gaba ɗaya, domin shi ke hana tsatsa, kuma kada a gauraya iri biyu don kalarsu ta zo ɗaya.

Saura iska ta waje, wadda ita ce ke ɗauke zafin a ƙarshe. Iska ba ta son wahala. In ta sami rami a gefen lagireto ta nan za ta bi, ta bar shi. Robobin nan baƙaƙe da kamfani ya jera a gefe da ƙasa, waɗanda yaran gareji ke jefarwa wai ba su da amfani, su ne ke tilasta mata ratsawa ta ciki. A mayar da su, inda sabon lagireton ya bar gibi a cike da soso mai jure zafi. A kuma tuna layi ne a gaban motar: sabon lagireto, sai kwandansar esi, sai babban lagireton inji, sai fanka. Duk zafin da na gaba ya sauke, kan na baya yake zubawa. Mutum na iya gyara zafin iska ya jawo wa kansa esi marar sanyi da inji mai tafasa a cunkoson Kano, inda ba gudu ake yi ba, fanka ce kaɗai ke jan iska. Don haka bayan aiki a bar motar a tsaye da esi a kunne da tsakar rana, a zuba wa allurar zafi ido. In ta fara hawa, fanka da tsabtar lagireton inji za a duba. Cire tamostat, wanda ya zama mana al'ada, ɓoye ciwo ne kawai. Yana sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya sha mai, ya ci jikinsa.

Daga nan sai a koma hanyar da aka yi awon farko, a irin lokacin da aka yi shi, a sake aunawa. Kada a auna na farko da azahar na biyu da asuba a ce an ci nasara. Akwai kuma gwajin da ba ya buƙatar na'ura: bayan tafiya, a taɓa tiyon da ke shiga sabon lagireton da wanda ke fita, a yi nesa da fanka da bel. Na shiga ya kamata ya fi ɗumi. In na kusa da inji ya yi zafi lagireton kuma yana nan da sanyinsa, ruwa ba ya tafiya.

Kulawa ba ta da yawa, amma ta wajaba, musamman da hunturu. Haska tocila ta bayan lagireton ka leƙa ta gaba. Inda haske bai fito ba, iska ma ba ta wucewa: ƙura ce ta haɗu da laima ta zama laka, ga fara da ƙwari da guntun leda. A wanke da ruwa marar ƙarfi, daga baya zuwa gaba in hannu zai kai. Masu wankin mota da injin feshi su ja baya kaɗan, domin ƙarfin ruwan yana kwantar da siraran fukafukan alminiyam ɗin, in sun kwanta kuma sun rufe hanya.

Kafin mu rufe, kalma ɗaya ga matasanmu masu sha'awar wannan harka. Motar da aka ƙara wa ƙarfi tana buƙatar birki da tayoyin da za su iya da ita, kuma titin unguwa da ayarin biki ba wurin gwada ta ba ne. Akwai yara, akwai masu babur, akwai tsofaffi masu tsallaka hanya. Ku kuma iyayen gidanmu kanikawa, in an kawo muku irin wannan aiki, ku auna kafin ku kwance, ku duba famfo kafin ku sa mutum sayen kaya, kuma kada ku mayar da bamba sai kun ga ruwa na dawowa da idonku.

  

(Kiɗan rufe shiri)